Yadda Ake Tsara Rubutun Wasan Dandamali Kafin A Miƙa Shi

Duk wanda za ka miƙa wa wasanka, ko alƙalin gasa ne, ko malamin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko shugaban ƙungiyar wasan ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da lissafi yake fara karatu: mutum nawa za su hau dandamali, wuri nawa za a shirya, minti nawa za a ɗauka. Tsarin rubutunka ne zai ba shi amsa, tun kafin ya ji daɗin labarin.

Da farko, nemi ƙa'idojin masu karɓa ka karanta har ƙarshe. In sun saɓa da abin da ke nan, nasu za ka bi. Wasu gasanni ba sa son sunan marubuci a jikin rubutun ko kaɗan, don kada a yi sanayya.

Shafin farko na sunan wasa ne da sunanka da lambar waya ko imel, shi ke nan. Ba wurin godiya ba ne, ba wurin hoto ba.

Shafi na biyu na 'yan wasa ne. Jera su, kowa da shekarunsa da dangantakarsa da saura: Inna Ladi, mai sayar da kifi, shekara 55, Mamman, ɗan ƙanenta, shekara 20. In mutum ɗaya zai iya fitowa a matsayin ɗan sanda a farko, ya dawo a matsayin maroƙi a ƙarshe, ka faɗa, domin ƙungiya mai mutum takwas ba za ta ɗauki wasa mai mutum talatin ba. A ƙasa ka rubuta wuri da lokacin da labarin ya faru.

Sai jikin wasan. Raba shi kashi-kashi, kowane kashi da fitowarsa: Kashi na Ɗaya, Fitowa ta Ɗaya. Duk inda wuri ko lokaci ya sauya, sabuwar fitowa ce. Sunan mai magana da manyan baƙaƙe, sai ruwa biyu, sai maganarsa. Bayanin motsi kuma a cikin baka biyu. Ga misali:

FITOWA TA BIYU

(Kasuwar Argungu, da hantsi. Inna Ladi na zaune gaban faifan kifi. Mamman ya shigo ta dama.)

MAMMAN: Inna, wanga kihi nawa za ki bar man shi?

INNA LADI: (ba ta ɗago ba) Ɗana, tun jiya munka yi ciniki, ka tahi ba ka dawo ba.

Wasu kamfanonin wasa a Amurka sun fi son a sa sunan a tsakiyar layi, maganar a ƙarƙashinsa. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Kada ta zama INNA LADI a shafi na 3, ta koma LADI a shafi na 9, mai karatu ya zaci mata biyu ne.

Ka lura a misalin nan, bakin 'yan wasa Kabanci ne, wato karin harshen mutanen Kabi, bayanin cikin baka kuwa daidaitacciyar Hausa. A ganina haka ya fi. Mutumin Argungu ko Talata Mafara in ya hau dandamali yana magana kamar mai karanta labaran rediyo, 'yan kallo za su yi dariya inda ba a so su yi ba. Amma bayanin aiki na kowa ne, har da mai shirya wasa daga Zariya. Sai dai ka daidaita rubutun karin: in ka fara da "tahi", kada ka dawo "tafi" a bakin mutum ɗaya ba dalili.

Inda matasa suka fi tuntuɓe shi ne bayanin cikin baka, musamman waɗanda suka taso da kallon finafinan Kano. Dandamali ba shi da kyamara. Ba a nuno ƙwayar idon mutum kusa, ba a tsallaka daga Gusau zuwa Abuja cikin ƙiftawar ido. "Ta tuna mijinta da ya rasu" rubutun zube ne, irin na littafin labari; wa zai ga tunani daga benci na baya? Rubuta abin da ido zai gani ko kunne zai ji: ta ɗauki hularsa, ta juya ta, ta ajiye. Kuma kada ka gaya wa ɗan wasa yadda zai furta kowace jimla, ka bar masa aikinsa.

Batun bugawa ba shi da wuya. Takarda A4, rubutu lamba 12, Times New Roman ya isa, gefen hagu ya ɗan fi faɗi saboda ɗinki, kowane shafi da lambarsa. Abin da ke ɓata aiki shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Kwamfutar shagon buga takardu takan mayar da su akwatuna ko ta sauya musu kama. Don haka ka mayar da fayil ɗin PDF kafin ya bar hannunka, ka buɗe shi a waya ka duba shafi-shafi.

Kafin aikawa, tara abokai ku raba sunaye, ku karanta da babbar murya da agogo a gefe. Adadin mintocin da ya fito ka rubuta a shafin 'yan wasa. Sa wa fayil sunan wasan, ka haɗa da taƙaitaccen labari da bai wuce rabin shafi ba in sun nema, ka aika saura kwana biyu ko uku a rufe karɓa, saboda halin intanet ɗinmu.