Yadda ake turke sa a gida don nama

Wanda zai fara kiwon turke ya fi kyau ya fara da sa ɗaya tak, kuma ya tanadi abincin wata uku kafin ya kawo shi gida. Harawa da ƙowa suna araha bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba. In aka bari sai bazara, abinci kaɗai zai cinye ribar.

Rabin aikin yana kasuwa. Karar Wudil tana ci ranar Juma'a, ta Dambatta ranar Lahadi. Ka tafi da wanda ya san shanu, kada ka dogara da bakin dillali kawai. Nemi Bunaji ko Bokolo mai shekara biyu zuwa uku, mai dogon jiki da faɗin ƙirji, wanda yunwa ce ta ramar da shi, ba cuta ba. Buɗe bakinsa: in manyan haƙora biyu sun fito a gaban muƙamuƙin ƙasa, ya kai shekara biyu ko ya ɗan haura. Hancinsa ya kasance da danshi, yana tuƙa. Mai tari, ko dalalar miyau, ko ɗingishi, ko ƙirci a fata, bar shi ko da kyauta ne. Dandaƙaƙƙen sa ya fi sauƙin kai a gidan da ke da yara, kuma ya fi tara kitse, sai dai wanda ba a dandaƙe ba ya ɗan fi shi saurin girma.

Ga yadda za ka kintata nauyinsa ba tare da sikeli ba. Da tef ɗin tela, auna zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duk da santimita. Ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Zagaye 150 da tsawo 120 zai ba ka kusan kilo 250. Da wannan lissafin ake auna abinci da magani.

Makon farko na magani ne. A kira malamin dabbobi, ko a je asibitin dabbobi na Gwale da ke Kano, a ba shi maganin tsutsar ciki da ta hanta, a kashe kaska, a yi masa rigakafin ciwon huhu. Sa mai tsutsa, tsutsar kake ciyarwa.

Sa mai kilo 250 yana cin busasshen abinci kilo 6 zuwa 7 a rana. Kusan rabi ya zama harawar wake ko ta gyaɗa da ciyawa, sauran kuma dusa haɗe da tunkuza ko angurya, kashi uku na dusa, kashi ɗaya na tunkuza. Raba shi gida biyu, safe da yamma, harawa ta riga dusa shiga ciki. A ajiye masa gishirin lasa, a riƙa jiƙa 'yar kanwa a ruwa lokaci-lokaci.

A nan ne sabon shiga yake yin asara. San da ya fito daga daji bai saba da dusa ba. In aka cika masa kwano ranar farko, ko aka juye masa ragowar tuwo da shinkafar biki, tumbinsa zai yi tsami, ya daina tuƙa, ya kama zawo, gefen hagu ya kumbura kamar ganga, wani lokaci kafin gari ya waye ya mutu. Fara da rabin kilo na dusa, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako biyu zuwa uku. Kashinsa ne zai gaya maka: in ya yi ruwa da warin tsami, rage dusa, ƙara harawa.

Sai leda. A cikin birni ita ce babbar abokiyar gabar dabba, domin ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi, sa yana ci yana ramewa. A share wurin kullum, a tsince leda da waya da ƙusa daga cikin abinci.

Ruwa lita 30 zuwa 50 a rana, musamman a zafin Afrilu. A kafa masa rumfa, ƙasan ya ɗan gangara don fitsari ya wuce, a kwashe kashi kowace safiya saboda ƙuda da haƙƙin maƙwabta. A duba igiya kada ta ci masa wuya.

In komai ya tafi daidai, zai riƙa ƙara rabin kilo ko fiye a rana, cikin kwana 90 zuwa 120 tozo ya cika, haƙarƙari ya ɓuya. Bayan nan abincin da yake ci ya fi naman da yake ƙarawa tsada.

Kada a yanka shi da magani a jikinsa. Kowace kwalba tana ɗauke da kwanakin jira, wasu allurai sukan wuce wata guda. A hana shi abinci daren yanka, amma a bar masa ruwa. Nama da ƙashi za su kai kusan rabin nauyinsa, wato san kilo 320 zai ba da wajen kilo 160, ban da kai da ƙafa da kayan ciki. Wannan ya fi ƙarfin firjin gida ɗaya, balle ga yanayin wuta, don haka tun kafin a kira mahauci a san gidajen da za a yi watanda da su, da abin da za a soya, da wanda za a shanya na kilishi.