Kurakuran da masu ƙaramar bindiga suka fi yi a Damagaram

Wannan bayani na wanda ke riƙe da bindiga da takardar izinin hukuma ne. Wanda ya gaje ta ko ya tsince ta babu takarda, gyaransa guda ne: ya kai ta wurin jandarma ko ƴan sanda.

Wani babban kuskure mai kashe mutane a cikin ɗaki ake yin sa, wajen sauke harsashi. Mutum ya zare gidan harsasai daga mariƙi, ya ce ai babu komai, alhali guda ɗaya na kwance a bututu. Wani kuma ya juya tsarin: ya fara jan marfin sama baya, harsashi ya faɗo, ya saki marfin, sannan ya zare gidan. To sakin da ya yi ya riga ya ɗora wani. Tsarin ba ya canzawa. A juya bakin bindiga inda babu mutum, yatsa nesa da kunama, a fara zare gidan harsasai, a ja marfin sau biyu ko uku, a tsayar da shi a buɗe, a leƙa makwancin harsashi da ido, a kuma taɓa da ɗan yatsa. Ko ɗan'uwanka ne ya miƙo maka ita yana rantsuwa ya sauke, ka sake dubawa. Kuma kada ka ɗauki labule ko ƙofar kwano a matsayin kariya, harsashi na ratsa su.

Sai batun mai. Mutane na ganin yawansa shi ne kulawa. A garin da hunturu ke shigo da ƙura har cikin akwatin da ke kulle, mai da yawa tarko ne: ƙura ta manne, ta zama kamar kwaɓin toka, tana cin ƙarfe duk lokacin da marfin ya motsa. Ɗigo ɗaya a kan kowace hanyar da marfin ke zamewa, ɗigo ɗaya a bayan bututu, a shafe da tsumma har sai ƙyalli kawai ya rage. Ramin allurar da ke bugun harsashi a bar shi a bushe, don in ya yi danƙo allurar ba ta bugu da ƙarfi. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi kauri, baƙin man mota kuwa datti ne tun asali. Wajen goge cikin bututu, a tura sandar gogewa daga baya zuwa baki in ƙirar bindigar ta yarda, domin ƴar ƙujewa a bakin bututu ta isa ta ɓata saiti.

Dukawanmu sun iya aikin fata, amma kuben fata na ɗauka ne, ba na ajiya ba. Fata na riƙe laima da gumi. Bindiga ta kwana a ciki daga Yuli zuwa Satumba, a zaro ta a ga jan tabon tsatsa daidai inda fatar ta kwanta. Ma'ajinta akwatin ƙarfe mai makulli, babu harsashi a cikinta, harsasan a wani wurin daban da nasu makullin. Ƙarƙashin katifa da saman kwaba duk yaro ya san su.

Harsashi ma ba kowane "tara", wato mai milimita 9, ne tara ba. Akwai 9×19, akwai 9×18 na Makarov, ƙaramar bindigar Sobiyet, akwai 9×17. Na Makarov ya ɗan fi kauri, kusan milimita 9.27, sauran biyun kuwa 9.01. Wani yana iya shiga makwancin da ba nasa ba har ya tashi, sai kwanson ya kumbura ko ya tsage. A libarba, wato bindiga mai gidan harsasai da ke juyawa, mai cin .357 Magnum tana ɗaukar .38 Special, amma ba a yin akasin haka. Galibi lambar na rubuce a jikin bututu da gindin harsashi, a karanta su biyun. Tsofaffin harsasan soja na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da yawa suna barin gishiri a bututu, wanda mai ba ya narkar da shi, sai an wanke da ruwan zafi a busar a ranar. Kada kuma a bar harsashi cikin mota a zafin Afrilu.

A filin harbi, in an ja kunama aka ji shiru, kada a juyo da ita a duba. A bar bakinta a kan abin da ake son harbi, a ƙirga daƙiƙa 30, sannan a fitar da harsashin. In kuwa ƙarar ta fito a raunane, "fus" maimakon tsawa, a tsaya nan take: mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a bututu, na biyu in ya same shi bututun ne zai fashe a hannu. A sauke, a kai wa mai gyara. A toshe kunne kuma, don ƙarar ƙaramar bindiga ta kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, ji in ya tafi ba ya dawowa.

Harbin sama na murnar biki ko sallah kuwa, harsashin yana dawowa da saurin da ya isa ya huda kai, kuma yakan sauka unguwa guda nesa da wanda ya harba: daga Zango ya faɗa Birni.