Zazzagawa masu shirin Amurka, ku san sunan barkono kafin ku saya

Tunda na dawo gida Samaru, ƙannena masu shirin tafiya ƙaro karatu Amurka ba sa rasa tambayata kan haya da rigar sanyi. Ni kuwa da barkono nake fara musu, domin shi ya fara ba ni wuya.

A kasuwar Sabon Gari, kina cewa a auna miki busasshen barkono magana ta ƙare. A can kuwa, musamman a shagunan mutanen Meziko, za ki tarar da ledoji jere, kowace da sunanta, kuma barkono ɗaya yakan sauya suna idan ya bushe.

Wanda na fara ɗauka chipotle ne, ana furta shi cifotile. Na daka shi na zuba a miyar kuka, sai ɗaki ya gauraye da ƙamshin hayaƙi kamar na saka kifi banda. Ashe sunan ya riga ya faɗa mini. Daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek na tsohuwar Meziko ya fito: chilli barkono, poctli hayaƙi. Barkonon banda ke nan. Ɗanyensa shi ne jalapeño, mai sunan garin Jalapa na jihar Berakurus a Meziko. Naman jikinsa na da kauri, shanya a rana kamar yadda manomanmu ke baza tattasai ba ta isar masa, yakan ruɓe. Shi ya sa ake barinsa ya nuna ya yi ja, sannan a kyafe shi kwana da kwanaki. Ya dace da wake da farfesu, amma ki ajiye shi nesa da kuka da kuɓewa.

Ancho a Sifaniyanci na nufin mai faɗi. Ɗan uwan busasshen tattasai ne, kusan ba zafi, ga ɗan zaƙi, yana kyau a miyar dage-dage.

Idan yajin tuwo ko na tsire kike so, nemi chile de árbol, wato barkonon bishiya, siriri ja. A ma'aunin zafi na Scoville yana kai 15,000 zuwa 30,000, chipotle kuwa bai cika wuce 8,000 ba. Mai kewar attaruhu ta sayi habanero, ta riƙa sa kaɗan.

Dakakken yajin da Inna za ta ƙulla miki, ki rubuta abin da ke ciki a jikin robar, kuma ki sanar da jami'an kwastan a filin jirgi cewa kina ɗauke da kayan abinci.