Kafin ku sa dutsen kwaz a banɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka.

In za ku gyara wurin wanke hannu a banɗaki, kada ku sayi falle guda na kwaz (quartz, dutsen haɗi da ake yin saman teburin kicin da shi). Ku je wajen masu yanka dutsen kicin, ku tambayi ragowar da ta rage musu. Teburin banɗaki ɗan ƙarami ne, guntu ɗaya ya isa, kuɗinsa kuma bai kai na sabon falle ba. Haka na yi, riyal da dama suka tsira.

Me ya sa kwaz? Wajen kashi 90 cikin 100 garin dutse ne, an haɗe shi da roba. Ba ya shan ruwa. Marmara kuwa, lemon tsami ya ɗiga a kai sai ya bar tabo.

Amma robar nan ba ta son zafi. Uwargida ta ɗora kaskon turaren wuta a kan namu, ya bar da'ira ruwan ƙasa, har yau tana nan tana kallona. Ku shimfiɗa wani abu kafin ku ajiye kasko ko na'urar miƙar da gashi.

In lalle ko rinin gashi ya zuba, ku goge nan take. Sabulu da tsumma sun wadatar, ku bar ruwan bilic irin su Clorox.

In rana na dukan wurin ta taga, farin kwaz yana iya komawa rawaya. Kada kuma ku sa kwaz mai sheƙi a ƙasa, da ya jiƙe sai santsi.

A yanka shi a shago da ruwa, ƙurarsa tana lalata huhu.