Yadda ake sauraron dogon littafin barde a waya

Irin wannan littafi na almarar yaƙi yakan kai awa 20 zuwa 40 idan aka karanta shi da murya, don haka shiri yake so. Fara da lissafin wuri. Fayil mai 64 kbps (ma'aunin ingancin sauti ke nan) yana cin kusan MB 29 a awa guda, ke nan littafin awa 30 zai cinye wajen MB 870. Sauke shi gaba ɗaya ka zuba a katin memori. In ka dogara da intanet, sabis na iya ɗaukewa a hanyar Birnin Kebbi zuwa Yawuri, labari ya tsaya ana tsakiyar gumurzu.

Duba lambobin babi. In an rubuta 1, 2, 10, wasu wayoyin sukan sa 10 kafin 2, sai ka ji an binne mutumin da ba ka ma sani ba. Mayar da su 01, 02, 03. Manhajar kiɗa kuma ba ta cika riƙe inda ka tsaya ba. Manhajar sauraron littafi mai suna Smart AudioBook Player tana riƙewa, tana da agogon da ke kashe karatu bayan minti 20 in barci ya ɗauke ka.

Shi jarumin irin wannan littafi, Turawa suna ce masa paladin, sunan da almara ta ba barade 12 na fadar Sarki Shalman (Charlemagne), wanda aka naɗa sarkin sarakuna a Rum a shekarar 800. Ka ɗauke shi kamar barde a rundunar Kanta a Surame, da sulke da kwalkwali da takobi, sai dai shi rantsuwa ce ta ɗaure shi: ya kare mai rauni, ya cika alkawari ko da ransa ne. Kasa kunne sosai a wurin da ya yi rantsuwar nan, ka maimaita shi ma, domin duk masifar da za ta same shi a gaba gwajinta ce.

Awa ukun farko su ne masu wuya, sunayen garuruwa da sarakuna suna zubowa kamar ruwan Agusta. Rage gudun muryar zuwa 0.9 in Turancin mai karatun ya yi maka sauri, ka riƙa rubuta kowane suna da ɓangaren da yake goyon baya.

A kan kabu-kabu kada ka toshe kunne biyu. Lokacin bazara kuma kada ka tura waya ƙarƙashin matashi tana caji, zafi yana kumbura batir.