Idan kyanwarka ta fara tangaɗi kai a karkace

Kai ya karkata gefe ɗaya, tana zagaye ko faɗuwa, ƙwayar ido na rawa, wani lokaci har da amai: galibi matsalar a can cikin kunne take, inda jiki ke daidaita tsayuwa.

Kada ka ɗiga mata maganin kunne kafin likitan dabbobi ya leƙa. In dodon kunnen ya fashe, magungunan kunne irin su gentamicin na iya kurmantar da ita. Paracetamol kuwa kashe kyanwa yake yi.

Ka killace ta a ƙaramin ɗaki, shimfiɗa a ƙasa, ba wurin hawa. Ruwa da abinci dab da ita. Bar ɗan haske, domin da ido take rage jirin, duhu sai ya ƙara rikita ta. Rage ɗaukarta.

Jirin da ba a gano sanadinsa ba yakan fara sauƙi cikin kwana 3, ya warke cikin mako 2 zuwa 3, ko da karkatar kan ta ɗan saura. In kunnen ya harbu ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta kan ɗauki makonni, kada a yanke don an ga sauƙi.

Ta wuni ta kwana ba ta ci ba, ko farfaɗiya ta kama ta? A garzaya da ita.