Yadda ake rubuta ƙaramin furogiram mai juya lokacin Maraɗi zuwa na wata ƙasa

Duk ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Guwanzu ta ƙasar Sin ko Dubai, ko mai ɗan uwa a Makka ko Faris, ya san matsalar nan, ka kira mutum kana ganin ai yanzu aka yi isha'i ashe can tsakar dare ne yana barci. To ga yadda za ka rubuta ɗan furogiram da yaren kwamfuta na Python wanda zai yi ma lissafin, ko a salula ma kana iyawa in ka sauke manhajar Pydroid 3, ba dole sai kwamfuta ba.

Na farko ka gane yadda abin yake. Duniya tana auna lokaci daga UTC, wato agogon da ƙasashe duka suka ɗauka ma'auni, mu Nijar muna gaba da awa 1, daidai da Najeriya da Benin, shi ya sa in ka tsallaka Ɗan Issa ka shiga Jibiya agogonka ba ya canzawa. Burkina, Togo da Gana su suna kan UTC cif. Saudiyya +3, Dubai +4, Sin +8, Indiya kuma +5 da minti 30.

Nan ne mutane da yawa ke cewa ai abu mai sauƙi ne, sai in ƙara awa 7 in Sin nake so. Don Allah kada ka yi haka. Ga Sin zai yi, amma Faransa fa? Lokacin sanyi agogonmu daidai yake da na Faris, daga Lahadin ƙarshe ta Maris sai su ja agogo gaba da awa 1 har Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuma nasu ranakun daban, Lahadi ta biyu a Maris da Lahadi ta farko a Nuwamba. Masar ma ta koma wannan tsari a 2023 bayan ta daɗe da barinshi. Gwamnatoci ne ke yanke abin kuma suna canza shawara, kai ba ka iya bin su da ka. Akwai rumbun bayanan lokutan duniya na hukumar IANA da ake ta sabuntawa don wannan aikin kaɗai, kai dai ka ba shi sunan gari shi ya san sauran.

Na biyu, ka tabbata Python ɗinka 3.9 ne ko sama, don a nan zoneinfo, wato sashen da ke karanta wannan rumbun, ya shigo, a 2020. In Windows gare ka ko salula ka buga wannan tukuna, in ba haka ba yana iya ce ma bai san garin ba:

pip install tzdata

Na uku, rubutun kanshi:

from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo

def juya(rubutu, daga, zuwa):
    tsari = "%d/%m/%Y %H:%M"
    t = datetime.strptime(rubutu, tsari)
    t = t.replace(tzinfo=ZoneInfo(daga))
    return t.astimezone(ZoneInfo(zuwa)).strftime(tsari)

print(juya("15/01/2025 20:00", "Africa/Niamey", "Asia/Shanghai"))

Ka lura da layi biyun nan masu replace da astimezone sosai don su ne zuciyar aikin. replace ba ya taɓa awar, laƙabi kawai yake manna mata, wato ƙarfe 8 ɗin nan na Nijar ne. astimezone shi ne mai juyawa. In ka tsallake na farko furogiram zai ɗauka lokacin na'urarka kake nufi, kuma ranar da ka ɗora shi kan saba, wato kwamfutar intanet, da ke Turai sai lissafi ya karkace ba tare da ya nuna ma wata alama ba. Kada ka nemi Africa/Maradi, babu shi, Africa/Niamey ne na ƙasar duka. Guwanzu ma Asia/Shanghai za ka sa, Makka da Madina Asia/Riyadh, Dubai Asia/Dubai.

Amsar da za ta fito ita ce 16/01/2025 03:00. Ka ga har ranar ta canza, shi ya sa muke shigar da kwanan wata tare da awa kullum.

Na huɗu gwaji, kuma kada ka yi ƙyuyarshi. Sa 15/01/2025 10:00 daga Africa/Niamey zuwa Europe/Paris, dole ka ga 10:00. Maida watan 07, dole ka ga 11:00. In duka biyun suka ba ka abu guda to akwai inda ka rubuta lamba da hannu. Gwada Asia/Kolkata ma don ka ga rabin awar nan, 10:00 namu 14:30 ne can.

Sai wani abu da ke rikita har waɗanda suka daɗe a aikin. Daren da Faransa ke maida agogo baya, kamar 26/10/2025, ƙarfe 02:30 sau biyu yake zuwa. Python na ɗaukar na farko, in na biyu kake so sai ka ƙara fold=1 cikin replace. Mu da ke juyawa daga Nijar wannan bai dame mu ba tunda agogonmu ba ya motsi, amma in daga Faris lokacin ya fito sai ka kula.

In za ka ajiye lokutan cikin wani rumbu, misali saƙonnin kwastomomi ko ranar da kaya suka taso, ajiye su a UTC da datetime.now(ZoneInfo("UTC")), sai lokacin nuna ma mutum ka juya zuwa na garinshi. Kuma in Ba'amurke ne zai shigar da kwanan wata ka tambaye shi tsarin da ya bi, su wata suke fara rubutawa, 03/04 wurinmu 3 ga Afrilu ne, wurinsu 4 ga Maris.